Ƙanena Dokta Mika'il da Katunan da Na Kwashe

Malam Salifou bai taɓa yi mini doguwar gaisuwa a waya ba. Shekara bakwai da na san shi a matsayin dattijon 'yan Nijar na Lyon, in ya kira, "Hajiya, lafiya?" ce kawai, sai ya shiga abin da ya kawo shi. Ranar Talata, goma sha huɗu ga Oktoba na 2025, wajen ƙarfe goma na safe, ina hawa na huɗu a ginin da nake shara a Paris, bokiti a hannuna, ya kira. Ya gaishe ni da kwana. Ya tambayi gajiya, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Ya bi mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya, har ya tambayi Inna, alhali shi ya ja mana addu'a lokacin rasuwarta. Kafin ya kai ga cewa jikinka, ƙanena, ya ɗan motsa, in taho, na riga na aje bokitin na zauna a kan matakala. Na gane. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, kai kuma ka riga ni, Mika, kai da na goya.

Daga baya aka gaya mini yadda aka yi. Ka tashi daga aikin dare, ka tsaya jiran taram, jirgin nan na cikin gari, a unguwar Guillotière, zuciya ta tsaya. Shekararka arba'in da huɗu. Ranar Asabar aka kai ka makwancinka a ɓangaren Musulmi na maƙabartar da ke bayan garin Lyon.

An ce in rubuta abin da za a karanta ranar addu'ar arba'in. Ni Rékia, karatuna na lakwal, wato boko, a aji shida ya tsaya, waɗanda suka fi ni alƙalami suna da yawa a cikinku. Na karɓa ne don akwai abin da na yi wanda nake so in faɗa da bakina, a gaban mutane, kafin wani ya faɗa a madadina.

Shekara takwas na ba ka. Abin da na fara tunawa shi ne kazar Inna da kare ya yage wa wuya. Kowa ya ce a yanka ta kafin ta zama mushe. Kai ka ɗauko allura da baƙin zare, ka sa ni na riƙe fukafukan, ka ɗinke ta kana cije leɓe. Ta rayu har ta yi ƙwai. Tun ranar Inna take ce maka likitan kaji, ba ta daina ba har ranar da ka shigo gida da kaki da gala uku, alamar muƙami, a kafaɗa, kapitan, likitan fiɗa na soja. Ranar ma sai da ta faɗa, tana share hawaye.

Shekarun da ka yi a gabashin Nijar da soja, a cikin tanti, ba ka ba mu labarinsu ba. In an tambaye ka sai ka ce aiki ne kamar kowane aiki. Sai a nan Paris na ga ɗan abin da ka ɓoye. Muna kasuwar Château Rouge wata Asabar ina taya kuɓewa, wani mutum mai ɗingishi ya fito daga wurin mahauci, ya gan ka, ya saki ledar namansa a ƙasa, ya ƙame ya sara maka a tsakiyar titi. Ya ɗaga wandonsa ya nuna mini ƙafar, ɗinki tun daga gwiwa har idon sawu. Ya ce sauran sun ce a yanke, kai ka ce a ba ka awa uku. Mutane suka tsaya kallo. Kai ka sunkuya ka ɗauko masa ledarsa, ka kakkaɓe, ka ce masa nama ya yi tsada, kada ya sake zubarwa saboda kowa. Ni kuma ka ce in biya kuɓewata mu tafi. Har muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ka ɗago kai ba.

Dalilin da ya sa ka aje kaki ka taho ba ka faɗa mini duka ba, ni ma ba zan ƙirƙira ba. Abin da na sani shi ne abin da ka tarar. A nan takardar likitan da aka yi a ƙasarmu ba ta isa, sai an sake jarabawa, guraben kuma kaɗan ne. Sau biyu ka zauna, sau biyu makinka ya yi kyau, gurbi ya ƙare kafin a zo kanka. Shekara bakwai kana fiɗa a wani asibiti da sunan mai riƙon wurin ɗalibi. Yaran da ka girme da shekara goma sha biyar su ke sa hannu a takarda. In jini ya ƙi tsayawa kuma, kai ake nema. Shamsiya, matarka, ta ce ba ka taɓa shigowa gida ka zagi ko ɗaya daga cikinsu ba. Iyakarka ka ce wane yana da hannu mai kyau, zai yi nisa.

Mutanen Lyon sun san ranakun Lahadi a gidanka. Mai takardar magani da bai gane ba, mai sakamakon gwajin jini, mai tsoron zuwa asibiti saboda takardunsa ba su cika ba, duk a falon nan suke zama. Ba ka rubuta wa kowa magani, ka ce ba ka da izini. Kana karantawa ne ka fassara, ka ce wa mutum gobe-goben nan ya je, ko kuma ka ce ya kwantar da hankalinsa. Lokacin da aka yi mini aikin maƙoƙo, ka zo ka zauna a ɗakin jira tare da sauran dangin marasa lafiya, ba ka gaya wa kowa kai wane ne ba. Da na farfaɗo ka duba ɗinkin, ka daɗe kana dubawa, ka ce ba laifi, amma kazar Inna ta fi ni sa'a. Dariya ta kama ni, ga wuya a ɗinke. Sai da na yi maka daƙuwa.

Yanzu zan zo kan katunan.

Shekara biyar da suka wuce ka shiga jami'a a Lyon kana neman digirin dokta a tarihi, bayan aikin asibiti. Na ce maka dokta sau nawa mutum ɗaya zai zama. Ka ce wannan dai ba wanda zai ce ba a nan aka yi shi ba. Abin da kake bincike shi ne likitocin fiɗa na sojan Faransa a yaƙe-yaƙen da aka yi shekara ɗari da saba'in baya, musamman yaƙin Kirimiya: wa aka ƙara wa gala, wa aka bari a inda yake, kuma me ya sa. Tsoffin takardun suna Vincennes, a gefen Paris, don haka duk ranar hutunka sai ka hau jirgin ƙasa ka sauka wurina a Saint-Denis. Da sassafe ka bi layin metro na goma sha uku ka canza, da yamma ka dawo yatsunka baƙi da ƙurar takarda, ka zauna a kujerar kicin kana ba ni labari ina tuƙa tuwo.

Daga bakinka na ji cewa likitocin nan suna sa kaki amma ba su da ikon ba da oda. Masu kula da kaya da abinci ne a samansu. Likita yana ganin mutum na mutuwa da sanyi, amma bargo sai ya roƙa a rubuce. Na ce maka wannan ai na san shi, mu ma sabulu da tsumma a kulle suke, mabuɗin yana wurin wanda bai taɓa wanke bayan gida ba. Ka buga tebur ka ce in zo in karɓi digirin. Ka ce ciwo ya kashe soja a wancan yaƙi fiye da harsashi, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa da amai da gudawa, likitoci kuma suka yi ta mutuwa tare da majinyatansu. Ka ce ƙarin gala iri biyu ne, na daɗewa a aiki da na zaɓi. Na zaɓin ne ya hana ka sakat. Kana zaton waɗanda suka zauna kusa da manya su aka zaɓa, waɗanda suka shiga tantin masu zazzaɓi aka manta da su. Amma kullum sai ka ƙara da cewa zato ne, ba za ka ɗora wa matattu abin da ba ka tabbatar ba.

Wata rana na gaji na ce maka, Turawan nan sun mutu tun kafin a haifi kakanmu, 'yan'uwansu ne suka zo suka mallake mu, me ya haɗa ka da galarsu. Na zaci za ka ji haushi. Amma sai ka ce:

"Yaya, duk wanda ya taɓa sa hannu cikin cikin mutum a tanti, haske na ƙarewa, na san shi. Ba sai na so shi ba. Na san shi ne kawai."

Kowane likita ka yi masa kati ɗaya, kamar tafin hannu. A gaba, da Faransanci, sunansa da galarsa da shekarun. Akwai guda da kake yawan fiddowa daga aljihu. Sunansa ya ƙi zama a bakina, sai muke ce masa Mai Bargo. Ƙaramin likita ne, ya tsufa a kan gala ɗaya. Ka ce wasiƙarsa ɗaya ka samu, bai roƙi girma a ciki ba, bargo arba'in ya roƙa. A gefen takardar wani ya rubuta a jira. Sati uku bayan nan zazzaɓin ya ɗauke shi. In na ga ka yi zugum sai in ce yaya Mai Bargo, ka ce yana nan yana jira.

Ranar da ka rasu na isa Lyon wajen ƙarfe biyu. Shamsiya tana asibiti wurin takardu, Lina 'yarku tana makaranta ba a gaya mata ba tukuna. Mabuɗi yana wurin maƙwabciya. Malam Salifou ya ce bayan La'asar mutane za su fara zuwa gaisuwa, maza da mata, a shirya wuri. Rabona da gidan wata huɗu. Na buɗe ƙofa na tarar an tura kujeru jikin bango, darduma kuwa tun daga bakin ƙofa har taga katuna ne, layi-layi, wasu sun hau kan wasu, wasu an karkata su, wasu an ɗora musu ƙwayar wake. Wata 'yar siririyar hanya kawai aka bari a gefe zuwa kicin.

Ba zan ce ban san mene ne ba. Na san katunanka ne. Abin da ya zo mini shi ne mutane za su shigo su tattaka maka aiki, ga kuma ba inda za a shimfiɗa tabarma. Shekara ashirin ina shara, abin da ke ƙasa ɗauke shi nake yi, hannuna ba ya shawara da ni. Na durƙusa na kwashe. Ina kuka ina kwashewa. Kuma don in kyauta maka, sai na ware su bisa launi, farare daban, shuɗɗa daban, rawaya daban, na daidaita bakinsu, na ɗaure da roba, na sa a kwalin takalmi. Waken na share na zuba a shara. Minti goma bai cika ba. Na shimfiɗa tabarmi, na ɗora ruwan shayi, na ji a raina na yi maka abu na ƙarshe da zan iya.

Shamsiya ta shigo mata biyu suna riƙe da ita. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ni ta duba ba, ƙasa ta duba. Ƙafarta har ta nufi 'yar hanyar nan ta gefe da ta saba bi wata uku, sai ta ga ba sauran hanya, ko'ina fili ne. Ta ce a hankali:

"Yaya, ina mutanen Baban Lina?"

Na nuna mata kwalin a kan kabad, na ce suna nan lafiya, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta ce to. Ta zauna inda aka zaunar da ita. Kwana uku ana shiga ana fita ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar uku malamarka ta jami'a ta zo gaisuwa, dattijuwa mai farin gashi, ta cire takalmi tun a waje ba wanda ya ce mata. Bayan ta yi ta'aziyya ta tambaya ko za ta iya ɗaukar hoton katunan kafin a taɓa su. Ta ce ka kira ta ranar Juma'ar da ta wuce, ka ce babi na ƙarshe bai hau takarda ba amma ka gama shi, yana shimfiɗe a ƙasa, ta zo ta gani. A nan na gane abu na biyu, kuma wallahi ya kusa kai na farko nauyi. Aikin ba a cikin katunan yake ba, a jerin yake. Ta ce ka gaya mata kowane layi shekara ce. Wanda ya hau kan wani, ya tsallake shi ne. Wanda aka karkata, ya mutu kafin a duba sunansa. Waken, har yau ba mu san me yake nufi ba. Launin kuwa ba ya nufin komai, wanda ka samu a shago shi kake saye. Amsar da ka nema shekara biyar, ko zatonka gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ta kwana huɗu a ƙasa tana jiran a karanta, ni na ɗaure ta da roba.

Matar ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta buɗe kwalin tana jujjuya katunan, sai ta ce abin takaici bayan kowanne akwai rubutun Larabci, ita kuma ba ta karanta shi. Na karɓi ɗaya na duba. Ba Larabci ba ne, Mika. Ajami ne, Hausarmu ce, da hannun nan naka mai kwanciya da Malam yake bugun ka a kansa a makarantar allo. Ni da na fi ka daɗewa a allo na karanta shi tsaye: "Wannan ya wuce mai wasiƙa biyu." Na ɗauki wani: "Ƙarƙashin ɗan janar, shekara guda." Wani kuma: "Tantin zazzaɓi, bai fito ba." Kana yi wa kanka alama ne don kada ka manta, da rubutun da ka san ba wanda zai leƙa.

Tun daga ranar, kowace Asabar nake hawa mota daga Paris zuwa Lyon. Muna tura kujeru jikin bango. Malamarka tana karanta gaba, ni ina karanta baya, ta ce wane ne mai wasiƙa biyu, mu yi ta nema har mu same shi. Shamsiya ta samo hoto ɗaya a wayarta, wanda ta ɗauke ka kana barci bayan Azahar a tsakiyar katunan don ta tsokane ka. Kusurwa ɗaya ta fito a ciki, muna buɗa shi har ya dushe. Ita ke tuna mana cewa wajen taga layin ya fi tsawo, wajen ƙofa akwai guda uku da take tsallakewa in za ta kicin. Na roƙe ta gafara, ta ce ba komai, ai gyara na yi. Amma in na kai hannu zan ɗauki kofi daga ƙasa ina ganin idonta yana bin hannuna. Ban ga laifinta ba.

Malamarka ta ce in jerin ya koma yadda yake, za ta rubuta babin daga abin da ya nuna, a buga littafin da sunanka. In bai koma ba, ba za ta rubuta zato ba, don kai ma ba ka yarda da haka ba. Gidan kuma na haya ne, Shamsiya za ta bar shi ƙarshen Janairu. Ɗakina na Saint-Denis ko rabin dardumar ba zai ɗauka ba.

Ga waɗanda za su zo gaisuwa wani gida nan gaba, roƙona ɗaya: abin da kuka tarar mamaci ya bari, ku tambaya kafin ku gyara. Mutane za su iya zama a matakala.

Ya Allah, ga bawanka Mika'il ɗan Abdoul Razak ya zo gare Ka babu gala a kafaɗarsa. Kai ka san abin da hannunsa ya yi, wanda aka rubuta da sunansa da wanda aka rubuta da sunan wani. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ɗaga darajarsa a wurin da ba a tsallake kowa. Ka haɗa shi da Inna da Baba a Aljanna. Ka yafe mini abin da na yi da hannuna ina zaton alheri ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Shamsiya, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya saka miki da zaman da kika yi da shi da mutanensa. Ga Lina, Allah Ya raya ki Ya albarkaci rayuwarki. Ga 'yan'uwa na Damagaram da ba su samu ganin gawarsa ba, ga Malam Salifou da jama'ar Lyon da suka wanke shi suka ɗauke shi, ga mutumin Château Rouge mai ɗingishi, in wannan takarda ta kai gare shi: kapitan ɗinka ya rasu, ka sa shi a addu'a.

Mika, katunanka ɗari biyu da goma sha ɗaya ne. Ɗari da talatin da huɗu sun koma wurinsu. Saba'in da bakwai suna cikin kwali, Asabar tara ta rage mana. Na Mai Bargo yana cikinsu. Na juya bayansa ina sa ran alama, na tarar ka rubuta: "Wannan na san wurinsa." Ni ban sani ba. Har yanzu ban aje shi ba.

Yayarka,
Rékia Abdoul Razak
Saint-Denis